Ranar da Muka Kai Kwamfuta da Ranta Maitumbi

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu da gangan, wasu kuwa tsufa ne ya ƙwace su ba tare da ya yi shawara da ni ba. Yanzu haka sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar bango abin da ya kawo ni. Amma akwai wata Juma'a a garin Minna wadda ko ƙwaƙwalwata za ta zube ƙasa kamar gero daga ɓulallen buhu, ita kam za ta maƙale a kusurwa. Ita ce ranar da na rungumi kwamfuta a cinya, a kunne, tana huci, muka ratsa gari da ita don wani tsoho ya samu bakin yi wa 'yarsa magana.

Bari in faɗi ko ni wane ne, kada wani ya zaci masani ne ke bayani. Bokona ya tsaya a aji huɗu na elemantare, ba don malamai sun gaji da ni ba, ni ne na ga na ƙure su na tausaya musu. Iyayena mutanen Bida ne, ciniki ya kawo su Minna, ni kuma na ƙare a tashar jirgin ƙasa ina aikin masinja har na yi ritaya. Daga nan na buɗe ɗan shagon buga takardu a unguwar Tunga. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: injin hoton takarda, kwamfuta ɗaya 'yar gwanjo, da wata baiwar Allah da ke zama gabanta tana buga wa mutane takardun neman aiki. Ni nawa aikin shi ne zama a bakin ƙofa, da goge ƙura, da tsawata wa masu jingina da tebur.

A tashar nan na samu aminina, wanda kowa ke kira Akawu. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, ɗan tsoffin gidajen manoman Maitumbi tun unguwar ba ta cika da ma'aikatan gwamnati ba. Shi ne mai tafiretar ofis, kuma idan yatsunsa suka hau kanta sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Mun yi shekaru da dama tare, ban tuna ranar da muka rabu ba tare da ɗayanmu ya ci fuskar ɗaya ba. Ragon layyata ba ya ƙarewa sai ya zo ya kushe shi yana ci, ni ma Kirsimeti ba ta wuce ni ban je na gaya masa doyarsa ta bara ta fi ta bana ba. Tun ranar da na sayi kwamfuta ya laƙaba mini Injiniya, don ya san ko kunna ta sai na yi bisimilla sannan na kira wani.

Akawu mutum ne mai baki, irin wanda idan ya tare ka a hanya gara ka nemi inuwa. A gidansu kuwa akwai wata al'ada: safiyar aure, kafin a tafi coci, amarya za ta durƙusa gaban ubanta a tsakar gida, dangi suna tsaye, ya faɗa mata abin da ke ransa, ya sa mata albarka, sannan ta fita. Na halarci na manyan 'ya'yansa mata. Ya yi ta zuba har shinkafa ta huce, har fasto ya aiko a duba ko lafiya. Saura autarsa, malamar firamare, wadda uwarta ta rasu ta bar masa ita tana rarrafe. Ya sha gaya mini cewa nata jawabin tun ranar da aka yaye ta yake tara shi, kuma ranar in zo da tabarma da guzuri.

Ana saura 'yan watanni biki ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a gonarsa ta doya. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta tafi ɗungurungum. Hankalinsa kuwa garau yake, duk abin da aka ce yana ji. Aka so ɗaga bikin, ya ƙi da ka. Ƙaninsa ya ce zai yi jawabin a madadinsa, ya juya fuska bango. Aka sa masa biro a hannun hagu, abin da ya zana ko tonon kaza ya fi shi ma'ana. Aka ɗauko tsohuwar tafiretarsa, yatsan hagun ba shi da ƙarfin danna ta. Duk sanda aka ambaci bikin sai hawaye su zubo masa, har autar ta fara zargin ko ba ya son ta tafi ta bar shi ne. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci, ga shi ba ta san abin da ke zuciyarsa ba, shi kuma ba shi da hanyar gaya mata.

To ni ma ina da auta, ƙawar amaryar tun suna wasan ƙasa, a lokacin tana karatun kwamfuta a jami'a a nan Minna. Ita ce ta zo da shawara. A cikin aikin makarantarsu ta haɗa wata 'yar manhaja: ka buga rubutu da manyan baƙaƙe, kwamfuta ta faɗe shi da murya. Babu muryar Hausa a wancan zamanin, sai ta ari ta wani yare na gabashin Afirka da ke kiran baƙaƙe kusan yadda muke kiransu. Da ta yi wa Akawu bayani sai ya cafke wuyan hannunta da hannunsa mai rai, ya ƙi saki. Na ce ai tun da zai iya danna kibod mai laushi, ya rubuta kawai wani ya karanta wa jama'a. Ya harare ni ya girgiza kai. Na gane nufinsa. Ɗan Adam idan ka ba shi saƙo sai ya sa masa gishiri, ko ya rage yaji. Inji ba ya ƙari ba ya ragi, kuma ba shi da ra'ayi a kan auren.

Matsalar ita ce kwamfutocin da ta yi aikin a kansu suna ɗakin gwaji na makaranta, makarantar kuma tana yajin aiki, ƙofa a garƙame. Abin da ke hannunta manhajar ce kawai a cikin filash. Na ce to mene ne abin damuwa, a juye ta cikin kowace kwamfuta mana, ai kwamfuta kwamfuta ce. Ta dube ni irin kallon da likita ke yi wa wanda ya zo da nasa maganin.

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu, ni kuma ga yadda na fahimta. Manhaja ba marainiya ba ce, tana da dangi, kuma ba ta aiki sai suna kusa. Kamar ka gayyaci mutum ɗaya daga Bida zuwa suna ne: ba zai zo ba sai da kawunsa, kawun ba ya tafiya sai da maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma sai an ɗauko surukarsa daga ƙauye. Idan ka ce da kanka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai yaron ya yi gemu ba a raɗa masa suna ba. Shi ya sa masu abin suka ƙirƙiri wata manhaja ta daban wadda aikinta ke nan: ka faɗa mata suna ɗaya, ta tafi babban rumbu a intanet, ta kwaso shi da danginsa kaf, kowa daidai tsaransa, ta zaunar da kowa inda ya dace. Ta faɗa mini sunanta na Turanci, harshena ya ƙi ɗauka, na sa mata Dillali. Sai dai shi kansa Dillalin sai an fara saukar da shi a cikin kwamfutar, kuma kwamfutoci iri-iri ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na makarantarsu masu hoton wani tsuntsu ne mai tumbi, baƙi da fari, wai a ƙanƙara yake rayuwa. A wannan gidan, in ji ta, Dillali kusan ɗan gida ne, layi ɗaya za ka rubuta ya amsa sallama. A sauran gidajen kuwa baƙo ne.

Muka fara da ta hannu wadda ango ke da ita, wani yayansa ya aiko masa daga waje, fara sol, mai hoton tuffa da aka gatsa. Wannan ba ta ɓata mana lokaci da ladabi ba. Ta fara da neman kalmar sirrin mai ita, sai da aka buga waya ƙasar waje aka samo. Aka ba ta. Sai ta ce kafin Dillali ya yi aiki a gidanta sai an kawo mata wani akwatin kayan aiki mai girman da modem ɗinmu ba zai iya jawo shi ba. Yini guda 'yata tana kallon wani layi yana rarrafe a allo, yana kusa da rabi sabis ya yanke, ya koma farko. Na ce a mayar wa ango kayarsa, wannan ba baƙo take karɓa ba, sadaki take nema.

Sai aka dawo kan tawa, 'yar gwanjo mai hoton taga. Na ji daɗi a raina, don da ma an raina ta. A nan ma aiki ne ja. Sai da aka fara sa mata yaren da Dillali ke ji, wanda wai sunan mesa aka sa masa, na ce a'uzubillahi amma a ci gaba. Sannan aka sauke Dillalin. Sannan kuma sai an nuna wa kwamfutar hanyar ɗakinsa, in ba haka ba kana kiransa za ta ce ba ta san mai wannan suna ba, alhali yana cikin gidanta a zaune. 'Yata ta buɗe wani baƙin allo tana rubutu, fararen layuka suna gudu sama, ni ina bayanta ina gyaɗa kai don masu shigowa su san ana yi da ni. Ɗaya daga cikin dangin ya ƙi zama sam, wai a wannan gidan ba a iya ƙera shi, sai da ta yi ta nema ta samo ƙerarre. Ranar Alhamis da la'asar, ana jibi biki, 'yar lasifikar da ke kan tebur ta yi gyaran murya ta ce, “Sannu Baba.” Murya ce kamar ta mai mura yana magana cikin gwangwani, amma ban taɓa jin gaisuwar da ta shige ni kamarta ba.

Muka kashe ta, muka naɗe ta da bargo, muka ɗauki keke mai ƙafa uku sai Maitumbi. Gidan ya riga ya cika da mata da tukwane. An yi wa Akawu aski, an sa masa farar riga, an tokare shi da matasai. Aka jawo tebur kusa da gado, aka tayar da janareto, aka ɗora masa kibod a cinya. Tun allo bai gama haske ba ya ɗaga yatsansa na hagu, ya tsayar da shi a sama yana jira, kamar yadda yake yi a ofis idan shugaba zai fara shifta.

'Yata ta duba. Ta sake dubawa. Na ga wuyanta ya fara gumi. Babu manhaja, babu Dillali, babu yaren mesa, babu ko alamar an taɓa yin wani aiki. Kwamfutar tana nan fes kamar ranar da na saye ta. Ina kallon yatsan nan yana saukowa a hankali, a hankali, har ya kwanta a kan zanen gado. Na ga gawa da yawa a rayuwata, na yi wa mahaifina wanka da hannuna, amma saukar yatsan nan tana cikin abubuwan da suka fi yi mini nauyi.

A waje, ƙarƙashin mangwaro, ta tambaye ni ko an taɓa sa wa kwamfutar wani abu da ba ta sani ba. A nan ne na tuna. Mai gyaran da ya sayar mini da ita ya daskarar da ita, haka muke cewa. Duk shagunan layinmu haka ake yi, saboda ɗalibai suna zuwa da filash cike da cututtukan kwamfuta. Duk abin da aka yi mata da rana, da zarar an kashe ta sai ta zubar, ta koma yadda take ranar da aka daskarar da ita. Mai buga mana takardu ta sani, shi ya sa ba ta ajiye komai a ciki. Ni kuwa har alfahari nake yi da abin, ina gaya wa mutane tawa kullum jaririya take tashi, ba ta da zunubin jiya. A wurinmu abu ne sananne kamar rufe shago da kwaɗo, ba ya bukatar faɗi. Ita kuma a makaranta ta koyi aikin, inda ba a yin haka, ba ta da dalilin tambaya. Ba wanda ya kawo a ransa cewa abin da ke wanke sharri zai wanke alheri ma.

Muka shiga lissafin mafita, kowace ƙofa a rufe. Kalmar sirrin narkar da ita tana wurin mai gyara, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, lambarsa ba ta shiga. A goge komai a sake sabon zubi, ta ce tana tsoro, don tsohuwa ce, abin da ke sa ta fitar da sauti da ƙyar aka samo mata shi, idan ya tafi mun rasa muryar gaba ɗaya. A zo da modem a yi aikin a ɗakin Akawu, gidan yana bayan dutse, ko waya za ka amsa sai ka hau tudu. A kai shi shagon kuwa, likita ya hana a jijjiga shi, kuma na san ko ba likita ba zai yarda a ratsa Tunga da shi yawu na zuba ba.

Don takaici na ce, to tun da barci ne ke sa ta mantuwa, sai dai mu kawo ta ido biyu. Wasa nake yi, irin wasan da mutum ke yi don kada ya yi kuka. Sai na ga yarinyar nan ta tsura mini ido.

“Baba, sake faɗa.”

Na ce ban ce komai ba, tsufa ne. Ta ce a'a, na faɗa, kuma haka za a yi. Muna yara a Bida, idan wutar murhu ta mutu, akan ba mutum kasko ya je maƙwabta ya ɗebo garwashi, ya taho yana kare shi da tafin hannu. Ban taɓa zaton zan sake wannan aike da furfura a kaina ba.

Ranar Juma'a tun da hantsi ta sake aikin daga farko: mesa, Dillali, nuna hanya, dangi ɗaya bayan ɗaya. Na tafi masallaci na dawo na tarar lasifika tana magana. Yanzu saura tafiya. Muna da wani akwati da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke ta, amma ya tsufa, ƙarfinsa bai wuce tsawon alwala ba. Maƙwabcina mai aski ya ba mu aron ƙaramin janaretonsa. Muka tsayar da mai keke, wani magidanci mai tsagen Nufawa, na yi masa bayanin cewa za mu ɗaure janareto a bayan kekensa, a kunne. Ya dubi janareton, ya dube ni, ya tambaya cikin ladabi ko akwai wani babba a shagon da zai yi magana da shi. Da 'yata ta gaya masa dalili sai ya sauko, ya kwance igiyar da yake ɗaure kaya da ita, ya ɗaure injin da hannunsa.

Aka tayar da janareto a bayan keke. Aka zare waya daga bango, akwatin ya fara kuka, muka fito da gudu irin gudun da tsoho zai iya, aka soka ta a janareto, kukan ya tsaya. Na zauna, aka ɗora mini matashi a cinya, aka ɗora kwamfutar a kai, don ta ce abin da ke juyawa a cikinta ba ya son girgiza. Ita ta rungumi allo a gefena, akwatin wuta a tsakanin ƙafafunmu. Ta nuna mini wata 'yar koriyar fitila a gaban kwamfutar, ta ce ita zan sa wa ido, idan ta mutu shi ke nan.

Ban san Minna tana da ramuka haka ba sai ranar. Mai keke ya bi ta bayan gari, yana tafiya kamar ya ɗauko mai naƙuda, kowane rami sai ya tsaya ya lallaɓa shi. Janareto na ruri a ƙeyarmu, hayaƙi na shigowa, zafin kwamfutar na ratsa matashi yana gasa mini cinya. 'Yan acaɓa suna wuce mu suna waiwaye. Wata mata a bakin titi ta tambaya ko maganin basir muke talla. Ban amsa wa kowa ba, ni da fitilata. Na ji tana ɗan kaɗawa a ƙirjina kamar ɗan akuya da aka ɗauko daga ruwa.

Mun kusa shiga Maitumbi, a wani gangare bayan kwalbati, keken ya karkata, janareto ya yi tari ya mutu. Akwatin ya fara kukansa, tsit, tsit, tsit. Mai keke ya yi tsalle ya ja igiyar tayar da injin, shiru. Ya sake ja, shiru. 'Yata ta ƙara rungume allon. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanto ta, har da ta shiga kasuwa da ta hawa abin hawa, na ce Allah ya zaɓi wadda ta dace. Kukan akwatin ya fara sauri. Sai wani mai facin taya da ke bakin hanya ya taso ba tare da ya tambayi kome ba, ya ɗaga gindin injin ya daidaita shi don mai ya gangaro, ya fizgi igiyar. Ya kama. Koriyar fitila tana nan. Muka wuce, ko godiya ban iya yi masa ba, kuma har yau ban san fuskarsa ba.

A gidan an riga an shirya. Maƙwabta sun yi alkawarin karɓa-karɓa da janaretocinsu har safiyar Asabar, na wannan ya gaji a kunna na wancan. Muka shiga da ita ɗaki kamar ana shiga da amarya, aka sauya waya, aka haɗa allo. Manhajar tana nan, manyan baƙaƙenta suna jira. 'Yata ta ɗora wa Akawu kibod, ta ce ya ɗan gwada kawai, don gobe hannunsa ya saba.

Wannan karon bai ɗaga yatsa da wuri ba. Sai da ya dubi allon da kyau, sannan ya fara, baƙi ɗaya, hutu, baƙi ɗaya. Ya danna babban maɓallin. Muryar gwangwani ta ce:

“Injiniya. Hularka ta karkace.”

Watanni ban ji an ci fuskata da irin wannan daɗi ba. Na ce masa bakin da aka yi wahalar kawowa daga Tunga ke nan, da na sani da na bar shi a kwalbati. Gefen fuskarsa mai rai ya motsa. Ya koma kan kibod, muryar ta ce a kira masa autarsa, yanzu.

Na ce haba Akawu, gobe ne ranar. Dangi ba su gama isowa ba, yarinya tana bayan gida cikin hayaƙi, ba ta yi ado ba, ga janareto an tanada har na gobe. Jawabin da aka tara tun yaye ai ba a zubar da shi ranar jajibiri gaban mutum uku. Ya bar ni na gama. Ya daɗe yana bugawa.

“Ranar da bakina ya tafi bai yi mini sallama ba. Kira ta.”

Aka kira ta. Ta shigo da tsohon zane, hannunta jiƙe da ruwan wankin shinkafa, idanunta ja saboda hayaƙi. Matan da ke girki suka biyo ta suka cika bakin ƙofa, wasu da ludayi a hannu. Ta dubi allon, ta dubi ubanta, ba wanda ya gaya mata, ta durƙusa a gaban gadon. Zan rubuta abin da ya ce da Hausar da na iya, don tasa irin ta Minna ce, ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Tsakanin kowace magana da 'yar'uwarta akwai dogon shiru, ba ka jin komai sai rurin inji a waje da ƙarar maɓalli ɗaya-ɗaya.

“Kukan da nake yi ba na ki zauna ba ne. Na rasa bakin ce miki ki tafi ne.”

Ta kifa goshinta a gefen katifa.

“Kin wanke ni kamar jariri, ba ki taɓa kawar da fuska ba. Ina gani. Uwarki ma ta gani.”

Sannan ya ce mata mijin mutumin kirki ne amma ba ya cin yaji, ta yi haƙuri da shi. Matan bakin ƙofa suka yi dariya suna share ido da bakin zane. Na ƙarshe ya fi daɗewa yana bugawa, sau biyu yana gogewa.

“Ba ki bar ni ba. Ni na sallame ki. Je ki, Allah ya yi miki albarka.”

Shi ke nan jawabin. Mutumin da ya saba magana har shinkafa ta huce, abin da ya tara na shekaru ya tace shi ya koma wannan. Ya ture kibod, ya ɗora hannun a kanta.

Da magariba, wajen sauya janareto, wani ya yi tuntuɓe da waya, akwatin da ya riga ya gaji bai riƙe ba, fitilar ta mutu. Da aka kunna, jaririya ta tashi. Safiyar Asabar aka fito da Akawu tsakar gida a kan kujera, amarya ta durƙusa cikin farin kaya, ya dafa kanta shiru. Ƙaninsa ya gyara murya zai ba dangi haƙuri cewa mai gida ba shi da baki, sai wata tsohuwa cikin masu girkin jiya ta ce masa ya bari, ya riga ya faɗa, sun ji da kunnensu.

Bayan biki 'yata ta natsu ta shirya masa wata kwamfutar yadda ya kamata, ba daskarewa ba janareto a keke. Kafin ta kai masa ciwon ya sake bugunsa, hannun hagun ma ya tafi. Ya yi 'yan watanni a kwance, ina zuwa ina zama ina kushe masa doyar bana, yana bina da ido. Ya rasu kafin a tone ta. Abin da ya buga ranar Juma'ar nan shi ne ƙarshen maganarsa a duniya.

Yanzu 'yata ta zama babba a aikinta. Takan ce da ta san abin da ta sani yau, da ta sa Dillali ya tattara kayan cikin filash, ta je ta sauke su a Maitumbi hankali kwance, ba sai an gasa mini cinya ba. Nakan ce ta yi shiru, kada ta ɓata mini jarumtar da ita kaɗai na mallaka.

Abin da na koya bai shafi inji ba. Ni ne na tsaya a ɗakin nan ina ba wa mara lafiya shawara ya jira gobe, saboda gobe za a fi ado, za a fi jama'a. Shi da aka taɓa ƙwace wa baki ya san abin da ban sani ba: magana mai kyau ba a ajiye ta don ranar taro, wanda ya kamata ya ji ta yana kusa, kai ma kana da numfashi, to ranar ta yi. Tun daga lokacin ba na jiran suna ko biki. Sai in ɗauki waya ranar Talata da rana tsaka, in kira ɗaya daga cikin 'ya'yana, in gaya masa na yarda da shi, in sa masa albarka. Har yau ba su saba ba. Sai su ce, “Baba, jikin ne?” Nakan ce lafiyata ƙalau, bakin ne nake amfani da shi tun yana hannuna.